Tulun da Kuluwa Ba Ta Duba Ba

Wannan labari tun ina yarinya nake riƙe da shi. Inda na manta zan tsallake, inda na tuna zan faɗe shi yadda yake.

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani ramin yumɓu da mata ke haƙa tun zamanin kakanni, kuma kowa ya san a ƙarƙashinsa akwai gari. In mutum ya kasa kunne a bakin ramin da rana tsaka, yakan ji ana buga yumɓu, ana dariya, ana kiran juna. Ba mai tambayar ko su wane ne. Mata dai sukan yi sallama kafin su sa fartanya, in sun gama su yi godiya su kama hanya.

A cikin matan nan akwai Kuluwa, maginiyar tukwane. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, Barira 'yar fari, da Ladidi auta. Da kakar Barira na raye da ita za ta riƙe ta, kamar yadda aka saba, to amma ta riga mu gidan gaskiya tun kafin a yaye yarinyar. Sai Kuluwa ta riƙe abarta, ta kuma riƙe kunyar 'yar fari yadda ba wata mace a ƙauyen da ta kai ta. Shekara goma sha bakwai ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. Sai "ke", sai "waccan", sai "'yar nan". Ba ta yabonta, ba ta tsayawa ta dubi abin da hannunta ya yi. Ita ma Kuluwa 'yar fari ce, haka aka yi mata, kuma har uwarta ta mutu ba ta ji sunanta a bakinta ba. A ganinta tarbiyya ke nan. Mata na yaba mata, suna cewa Kuluwa akwai kara.

Ita kuwa Barira hannunta na yumɓu ne. Tun tana shekara shida take zama a bayan uwarta tana tsince guntayen da suka faɗi tana murzawa. Ba wanda ya koya mata, ido kawai ta sa. Da ta kai sha biyu tukwanenta sun shiga cikin na uwar. Ranar kasuwa Kuluwa takan naɗa gammo ta ɗauke su duka a kai, nata da na 'yar, ba ta bambantawa, in an tambaya ta ce na gidanmu ne.

Wata shekara bayan girbi Barira ta gina wani tulu. Kwana tara tana kansa a bayan rumbu. Ta goge shi da dutse har yana ɗaukar ido, ta zana masa ɗigo-ɗigo irin na gashin zabuwa tun daga wuya har ciki, a ƙasa kuma ta yi masa layi mai lanƙwasa kamar ruwan rafi in iska ta taɓa shi. Ranar da aka kwashe toyi, mata sun taru kowa na tsamo nata daga toka, sai tulun ya fito ja wur, ko tsaga babu. Sai Yelwa, ƙawar Kuluwa mai baki, ta tafa hannu ta ce to Kuluwa sai ki nemi sana'ar dakau, 'yar cikinki ta kore ki daga kasuwa. Wata ta ce ai wannan ba na ɗiban ruwa ba ne, na ajiyewa ne a yi ta kallo. Aka yi ta dariya.

Barira ba ta kula su ba. Ta rungumo tulun da sauran ɗuminsa, ta zo gaban uwarta ta durƙusa ta ajiye.

Ta ce, "Inna, ki duba."

Daɗi ya cika Kuluwa har ta ji guɗa na neman ƙwace mata. Amma mata fiye da goma na kallonta. Ta haɗiye. Ta juyar da fuska wajen tokar, ta ce, "Ke, kawar da shi daga hanya kada wani ya yi tuntuɓe."

Yarinyar ta ɗauki tulunta ta kawar. Washegari da hantsi ta tafi ramin yumɓu, tulun na kanta. Azahar ta yi ba ta dawo ba, la'asar ta yi shiru. Kuluwa na ta leƙen ƙofa, amma ko a nan kunya ta hana ta tambayar mutane kai tsaye, sai cewa take ko an ga waccan.

Iya Tabawa ce ta zo ta same ta, wata tsohuwa mai yin itace a bakin rafi. Ta ce ta gani da idonta. Wata doguwar mace ta fito daga ramin, ƙafafunta jajaye kamar an tsoma su a yumɓu, ta roƙi Barira ta sauke tulun ta gani. Ta zauna a gabansa tun hantsi har rana ta take tsaka, tana juya shi, tana bin zanen da yatsa, tana tambayar yarinyar yadda ta yi wannan da yadda ta yi wancan. Iya Tabawa ta ce ba ta taɓa jin Barira ta yi magana mai yawa haka ba. Da matar ta miƙe, ba ta ja ta ba, ba ta kira ta ba. Yarinyar ce ta ɗauki tulunta ta bi ta da ƙafarta, ramin ya rufe.

Kuluwa ta zube a ƙasa. Tsohuwar ta bar ta ta yi kukanta, sannan ta gaya mata abin da ta ji a wurin nata kakanni. Ramin yana buɗe wa mutum sau ɗaya a rayuwarsa, in ya zo da ɗanyar tukunya, wadda wuta ba ta gani ba, cike da ruwa a kansa. Muddin tukunyar na riƙe da ruwa, yana da izinin zama a can. Sa'ad da ta narke ta zube, ko yana tsakiyar magana ne, an dawo da shi ke nan.

Kuluwa ta gina tukunya mai kaurin gaske, irin wadda ba ta taɓa yi ba, ta shanya ta kwana uku. Ta kai Ladidi gidan Yelwa. Da safe ta cika tukunyar a rafi, ta ɗora a kan gammo, ta tsaya a bakin ramin ta yi sallama. Ƙasa ta tsage kamar bakin buhu, ga matakala tana gangarawa. Ta sa ƙafa.

Ƙasar da ta sauka a cikinta ba rana ba wata, samanta ja ne kamar cikin sabuwar tukunya, kuma haske na fitowa ta ko'ina. A gabanta fili ne iyakar ganin ido, ba ciyawa ba bishiya, sai tsingaro, fasassun abubuwa zube a kan juna. Tana taka na farko sai ya yi magana da muryar ƙaramin yaro, ya ce Baba duba. Ta taka na biyu, muryar yarinya ta ce Inna kin gani. Kowanne ta taka sai ya yanke ta, ya kuma roƙe ta ta duba. Akwai guntun doki na laka, akwai motar kara, akwai allo da aka fara yi wa zayyana aka bari, akwai rabin hula. Duk abin da yaro ya taɓa yi ya kawo aka ce masa ana aiki, nan yake faɗowa. Kuluwa ta so ta sunkuya, amma in ta sunkuya ruwan zai zube. Haka ta ratsa filin nan kanta a miƙe, idonta a gaba, dubban yara na kiranta daga ƙarƙashin ƙafarta. A cikin muryoyin ta ji wata da ta sani, ƙarama, ta shekara shida, har sau da yawa. Ta wuce ta. Kafin ta kai ƙarshe tafin ƙafarta ya zama nama, jan ruwa kuma ya fara tsattsafowa daga gindin tukunyar yana bin goshinta.

Daga nan sai kogi. Kogin ba ruwa a cikinsa, duwatsu ne ke gudu, ƙanana masu santsi irin waɗanda maginiya ke goge tukunya da su, suna ƙara kamar ana zuba gero a ƙwarya. A bakin gaɓa wani tsoho na zaune a kan turmi. Tsawonsa a zaune ya kai giginya, kunnuwansa sun sauko har ƙasa ya shimfiɗa ɗaya bisa turmin ya zauna a kai. Kuluwa ta gaishe shi a tsaye, ta nemi gafara don ba ta iya durƙusawa.

Ya ce, "Lale da 'yar Adam mai ɗauke da kwananta a kai. Ni ne mai tsaron Kogin Haɗiya. Duk maganar alheri da uwa ko uba suka kawo har bakinsu suka mayar ciki, nan take gangarowa ta zama dutse. Ba mai haye mini sai ya ɗauki nasa."

Ta ce, ranka ya daɗe, ita ba ta san tana da ajiya a nan ba. Tsohon ya yi dariya har kunnuwansa suka kaɗa. Ya miƙa hannu cikin kogin ya kira sunanta, sai duwatsu suka riƙa fitowa daga cikin sauran suna taruwa a gabanta. Ya riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya yana gaya mata. Wannan ranar da yarinyar ta fara tafiya ne. Wannan ranar da ta gina kaskonta na farko. Wannan ranar da kika yi zazzaɓi ta yi miki kunu tana shekara takwas. Wannan babban, na ranar toyi ne. Tulin ya kai gwiwar Kuluwa.

Ta ce a raunane ai kunya ce, haka aka yi mata ita ma. Tsohon ya nuna mata wani tudu can a tsakiyar kogin da duwatsu ke kewayewa, ya ce na uwarta ne, har yau ba wanda ya zo ya ɗauka. Kuluwa ta daɗe tana kallon tudun. Ba ta taɓa sanin uwarta ta haɗiye komai ba.

Ya ce, "Ki goya su. Kowane ɗaya kika sa a baki zai koma maganar da yake tun asali. Da kin faɗe su a kan kari da ba su kai nauyin numfashi ba."

Ta kwance mayafinta ya zuba mata su, ta goya kamar jariri. Nauyin ya kusa karya mata baya. Kogin ya dare biyu ta wuce, tana tafe tana rangaji, hannu ɗaya a kan tukunya. Ta ji bakin tukunyar ya yi laushi a ƙarƙashin yatsunta.

Ta ratsa wani daji da itatuwansa ke tafiya suna sauya wuri, ta bi sawun jan yumɓu a ƙasa har ta fita. Ta wuce wata rijiya da ke kiran mutane da muryar matattunsu, ta ji muryar mijinta tana ce mata ta sauke kaya ta huta, ba ta tsaya ba. Akwai wani wuri kuma na tsuntsaye masu kan mutane, amma na manta abin da suka ce mata. Can sai ga gari. Ƙofarsa bakin wata randa ce da aka kwantar, wadda raƙumi da kayansa zai shige ba tare da ya sunkuya ba.

Abin da ta gani a ciki bai yi kama da abin da ta zata ba. Ba sarƙa, ba kuka. 'Ya'yan mutane ne, manya da ƙanana, kowa na kan aikinsa. Wani na ƙera ƙarfe, wata na saƙa, wani na ɗora wa shaho karyayyen fiffike, wata na lissafin taurari da tsakuwa a ƙasa. A gaban kowannensu aljani ɗaya na zaune, ya tallafe haɓa, ba abin da yake yi sai kallo. Wani lokaci ya yi tambaya, a ba shi amsa, ya gyaɗa kai. Iyakar abin da suke ba yaran ke nan, kuma ba wanda ya ɗaga kai ya dubi ƙofa.

Aka kai ta gaban doguwar matar nan mai jajayen ƙafafu. Ita ce Magajiyar Yumɓu, mai garin. Tana zaune a kan kifaffiyar randa, gashinta na zuba kamar ruwan kwata.

Ta ce, "Na san ki, Kuluwa. Shekara talatin kina yi mini sallama kina yi mini godiya, ban taɓa samun ki da rashin ladabi ba. Me ya kawo ki?"

Kuluwa ta ce ta zo ne a ba ta yarinyar gidansu da aka ɗauke.

Magajiya ta ce, "Ba mu sata. Abin da aka ajiye aka kau da kai muke tsinta. Amma tunda kin tako, ga sharaɗi uku. Ki fitar da aikinta daga cikin dubu. Ki kira ta ta waiwayo. Na ukun ba nawa ba ne, nata ne. In kin cika su, ki tafi da ita, ba mai tare ki."

Aka ba ta izini ta sauke ɗanyar tukunyar a tsakar fada. Ta riga ta karkace, ruwa na zubowa ta gefe. Sannan aka buɗe wani zaure, ga tuluna dubu a jere, duk jajaye, duk da zane, kowanne ya fi na kusa da shi kyau. Kuluwa ta bi layi na farko, ta bi na biyu. Akwai masu ɗigo, akwai masu layi, akwai masu ganye. Ta nemi ta tuna zanen tulun 'yarta, sai ta tarar ba abin da za ta tuna, toka kawai ta kalla ranar. Aljanun da ke bakin ƙofa suka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce wa ɗan'uwansa wai wannan ce ta haife ta, ɗayan ya ce a'a, ƙila maƙwabciya ce aka aiko.

Sai Kuluwa ta tsaya. Ta gyara gammonta da ya jiƙe sharkaf, ta roƙi a riƙa ɗora mata su a kai. Magajiya ta ce sharaɗi bai hana ba. Aka riƙa ɗorawa ana saukewa. Ta rufe ido. Wannan ya yi nauyi ta gaba, a sauke. Wannan gindinsa ya yi faɗi, a sauke. Shekara biyar tana ɗaukar aikin yarinyar zuwa kasuwa, wuyanta ya san abin da idonta ya ƙi sani. Tukwanen Barira ba sa neman a riƙe su, zama suke a kan gammo kamar kaza a kan ƙwai. An wuce ɗari uku da wani abu sai aka ɗora mata wani, ta ji ya zauna. Ta saki hannuwanta duka biyu, ta yi taku uku, bai motsa ba.

Ta ce, "Wannan ne."

Magajiya ta ce ta ci na farko, ko da yake da wuya ta ci ba da ido ba.

Aka kai ta wani fili a tsakiyar gari. Ga Barira a zaune, ta ba da baya, tana gina wata randa da ta fi ta tsawo, aljanu bakwai sun kewaye ta suna kallo. Ta yi ƙiba, wuyanta ya miƙe. Tana aiki tana 'yar waƙa, abin da Kuluwa ba ta taɓa ji ba a gida.

Kuluwa ta ce, "Ke."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce 'yar nan, ta ce waccan, shiru. Magajiya ta ce a garin nan kowa da sunansa ake kiransa. Kuluwa ta buɗe baki, harshenta ya ƙi. Shekara goma sha bakwai bai bi hanyar nan ba, ya manta ta. Wani aljani ya zo da gudu ya ce tukunyar baƙuwa ta tsage har ciki. Sai Kuluwa ta tuna da goyonta. Ta sauke, ta kwance, ta tona har ƙasa, ta sami wani baƙin dutse da ya fi duka nauyi, na ranar suna, ranar da liman ya raɗa sunan aka faɗa wa mata kowa ya maimaita ban da ita. Ta sa shi a baki. Ya narke kamar gishiri.

"Barira."

Hannun yarinyar ya tsaya a kan yumɓu. Ta juyo a hankali. Ta daɗe tana duban uwarta, jini a ƙafa, laka a fuska, mayafi a ƙasa cike da duwatsu. Idonta ya kawo ruwa. Ta taso, ta wanke hannu, ta je ta karɓo tulun nan daga hannun aljanin da ke riƙe da shi. Labari ya riga ya zaga, duk garin ya taru, maƙera sun bar wuta, masaƙa sun bar zare, aljanu sun hau katanga. Barira ta zo gaban uwarta ta durƙusa ta ajiye shi, daidai yadda ta yi ranar toyi.

Ta ce, "Inna, ga shi. Yaya kika gan shi?"

Kuluwa ta duba. A karo na farko ta duba. Ta ga ɗigon zabuwa, ƙanana a wuya suna girma suna gangarowa, ba biyu da suka taɓa juna. Ta ga layin ruwa. Ta ga a ƙarƙashin baki yarinyar ta yi 'yar alama irin tata, tsaga uku da farce, wadda Kuluwa ke yi wa nata tukwanen, ashe ta lura. A duk rayuwarta ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Maganar na nan a gabanta, babban dutsen ranar toyi, a saman tulin, hannu kawai za ta miƙa. Amma ta ɗaga kai ta ga idanu, ɗaruruwa, duk a kanta, uwa a gaban 'yar fari. Kafin hannunta ya kai ga dutsen, bakinta ya riga shi, ya faɗi abin da ya saba.

"Ba laifi."

Barira ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa shi sau ɗaya, kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Ta ce, "To, Inna. A gai da Ladidi." Ta miƙe ta ɗauki tulunta.

Kuluwa ta faɗa kan duwatsun, ta damƙo babban da hannu biyu tana cewa tsaya, ba haka nake nufi ba. Tana kai shi baki sai ta ji ƙarar ɗanyar tukunyar daga fada, ba mai ƙarfi ba, irin ta jiƙaƙƙen bango in ya zauna. Ruwa ya biyo ƙasa ya taɓa ƙafarta.

Ta buɗe ido ta gan ta a cikin ramin yumɓu, rana a tsaka, mayafinta a gefe da duwatsunsa, dutse ɗaya a bakinta. Ta tsotse shi, ta cije shi har haƙorinta ya ɓalle. Dutse ne.

Bayan haka ta gina ɗanyar tukunya ta fi sau arba'in. Takan tsaya a bakin ramin ta yi sallama har tukunyar ta narke a kanta, laka ta rufe mata ido. Ƙasa ba ta sake buɗewa ba. Mata suka riƙa cewa Kuluwa ta taɓu. Yelwa ce kaɗai ke zuwa ta kama hannunta ta kai ta gida ta yi mata wanka, kuma tun daga ranar ba ta ƙara yi mata ba'a ba.

Ladidi kuwa ba ruwanta da yumɓu, in ta taɓa shi sai ya rushe. Wata rana Kuluwa na zaune a tsakar gida sai ta ga yarinyar a bayan rumbu ta kama wata akuya da ta karye, ta tsaga kara biyu, tana ɗaure ƙafar da tsumma tana yi wa akuyar magana a kunne. Kuluwa ta tashi ta je ta zauna a ƙasa a gabanta. Yarinyar ta tsorata ta ce ko ta yi laifi ne. Uwar ta ce a'a, ci gaba, kallo nake. Ta tambaye ta me ya sa kara biyu ba ɗaya ba, aka gaya mata. Da aka gama ta ce, Ladidi, hannunki na da albarka, ban taɓa ganin wanda ya yi ɗori haka ba. Ta faɗa da ƙarfi har maƙwabta suka ji ta katanga. Bayan sati ta kai ta da kanta wurin mai ɗorin ƙauyen gaba ta roƙe shi ya koya mata, ko da yake ana ta cewa ba aikin mata ba ne. Ladidi ta girma ta zama mai ɗorin da ake zuwa nema daga nesa. Amma ita auta ce, ba kunya a tsakani, yabonta bai da wuya. Kuluwa ta san haka, kuma bai rage mata ko dutse ɗaya ba.

Kullum da hantsi takan ɗauki dutse ɗaya daga cikin mayafin ta je bakin ramin, ta faɗi abin da yake da bakinta, ta jefa shi ciki. Barira, ranar da kika fara tafiya na ji daɗi. Barira, kunun nan da kika yi mini ya yi daɗi. Ba amsa. Ta tsufa tana yi, bayanta ya ranƙwafa, har ya rage babban kaɗai. Shi ta daɗe tana ajiyarsa.

Ranar da ta kai shi, ta tarar da tulu a bakin ramin, ja wur, da ɗigon zabuwa. Ba sawu a kusa da shi, ba kowa. Ta yi kira, ta leƙa, ta kasa kunne, ko bugun yumɓun da aka saba ji babu. Sai ta zauna a gabansa. Ta juya shi, ta bi zanen da yatsa, tun hantsi har rana ta take tsaka. Masu zuwa haƙa suka zo suka tsaya suna kallonta, ba ta kau da kai ba.

Ta ce, "Ya yi kyau, Barira. Wallahi ya yi kyau."

Ta jira har inuwa ta juya. Sannan ta naɗa gammo, aka ɗora mata, ta nufi gida ita kaɗai, hannuwanta duka biyu a sake.

Iyakar abin da na riƙe ke nan.